Zaman Lahadi a Zongon Lome

A Lome, Lahadi ce ranar da gari ke sakin jiki. Babbar kasuwar Asigame ta yi tsit, masu zuwa coci sun dawo tun da hantsi, da yamma kuma samari da 'yan mata su yi ta kwarara bakin teku, tun daga iyakar Aflawo har kusa da tashar jiragen ruwa. Mu kuwa a Zongo, da an sallame la'asar sai a fara jan benci. Yara su ɗauko tebur, wani ya shimfiɗa tabarmar dattawa, a jera butoci a gindin katanga, a ajiye goro a cikin ganyensa. Ƙungiyarmu ta zumunta za ta zauna, kuma duk wanda sunansa ke cikin littafi ya san ɗayan biyu ne: ko ya zo, ko ya biya tara. Da so samu ne Juma'a za mu zaɓa, amma Juma'a ranar aiki ce a Togo, mai rumfa a kasuwa da mai dako a bakin jirgi ba su da sukuni sai Lahadi.

Ba za a gane wannan zama ba sai an koma ga abin da ya same mu a 1977. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, tafiyar ƙafa kaɗan daga babbar kasuwa. Fatake ne suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 19, masu bin hanyar goro, da yawansu kuma sun gangaro ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa waccan kasuwa. Da Jamusawa suka mai da Lome babban birnin mulkinsu a 1897, ciniki ya buɗe, unguwar ta cika. Akwai Kanawa da Katsinawa da Gobirawa, akwai Zabarmawa da Fulani da Yarabawa, akwai Kotokoli daga Sokode, Hausa kuma ita ce ta haɗa bakin kowa. A 1969, da Ghana ta kori baƙi marasa takarda, wasu suka ƙetaro Aflawo da kayansu a ka, zaurukanmu suka ƙara cika.

Abin da ke riƙe da unguwar a wancan zamani shi ne maigida. Baƙo ya sauka da garken shanunsa daga arewa, ko da huhun goronsa daga Ghana, ba ya tambayar otal, gidan maigidansa zai nufa. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, dillalansa su nemo mai saye, shi kuma ya tsaya lamuni tsakanin baƙon da mahautan da ke ɗaukar shanu bashi. In baƙo ya kwanta ciwo, maigida ke nema masa magani. In ta Allah ta kasance, maigida ke sayen likkafani. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna a cikinmu ya rubuta littafi a kan waɗannan 'yan kasuwa, aka buga shi a 1983, kuma tsarin maigida da yaransa shi ne ƙashin bayan abin da ya gani.

Sai ga shi a 1977 an ce a tashi. Ina yaro lokacin, abin da na fi tunawa shi ne kwanon rufi da ƙofofi da aka ɗaure a kan motoci, da ƙurar da ta hana mu ganin ƙarshen layinmu. Aka ba mu fili wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da gari, a gefen babbar hanyar da ta tafi Atakpame da Sokode da Kara. Inda muka taso kuwa, yau dogayen benayen bankuna ne ke tsaye. Masu hali suka yi gini a sabon wuri. Masu ƙaramin ƙarfi da ba za su iya biyan kuɗin mota kullum zuwa kasuwa ba suka kama haya nan da can a cikin gari, a gidajen Ewe da Mina. Mutanen da katanga ɗaya ce ta raba su tun kakanni, sai ga shi wata guda ya wuce ba su ga juna ba. Manyan gidaje ba su mutu ba, amma hannunsu ya daina kaiwa ko'ina. Tambayar da ta taso, wadda yayyenmu suka fara zama a kanta, ba ta da daɗin ji: in mutum ya faɗi a ɗakin haya a cikin gari, wa zai sani, wa kuma zai ɗauke shi?

Ni na shiga ƙungiyar ne a ƙarshen shekarun 1980, kuma ban daɗe ba aka ɗora mini aikin magatakarda, don na yi makarantar boko ta Faransanci. Ma'ajinmu kuwa dattijo ne mai sayar da goro, almajiri na gaske, da ajami yake rubuta lissafinsa a wani littafi mai baƙin bango. Saboda haka littafi biyu gare mu, nasa daga dama zuwa hagu, nawa daga hagu zuwa dama, kuma ba a tashi sai sun dace da juna. Wani lokaci dala ɗaya ce za ta hana mu tashi har a kira magariba. Matasa su yi ta gunaguni, wani ya sa hannu a aljihu ya ce zai cika. Sai dattijon ya ɗaga kai ya ce, “Yaro, mai da kuɗinka. Ba dalar nake nema ba, inda ta shiga nake nema.”

A wancan zamani tsarin zaman ba ya canzawa. Malam ya buɗe da addu'a. Shugaba ya yi gaisuwa, gaisuwa mai tsawo, don sai ya tambayi gajiyar mako da ta iyali. Daga nan ni in miƙe in kira suna. Kowa aka kira ya amsa, ya taso ya ajiye dala ashirin, wato sefa 100, a kan tebur a gaban idon jama'a. Makara dala biyar ce, fashi ba uzuri dala goma. Katse dattijo yana magana ma yana da tararsa, kuma na ga alhajin da ke da manyan motoci biyu a hanyar Yamai ya biya ta yana dariya, sannan ya ƙara wata dala biyar ya ce ta katsewar da zai sake yi ce nan gaba kaɗan. Ranar da tara ta fi cika akwati ita ce Lahadin da Semassi ta Sokode ta zo wasa a Lome. Rabin 'yan uwanmu Kotokoli ba a ganinsu, mako na gaba su zo da uzurori iri iri, wannan surukarsa ce ba lafiya, wancan baƙo ya yi, alhali muryar kowa a dishe take.

A ganina, kiran sunan nan shi ne ainihin aikin, duk sauran rassa ne. In an kira mutum aka ji shiru, Shugaba ba ya bari a wuce. Zai tambaya, “Wa ya gan shi a makon nan?” In maƙwabcinsa ya ce ya gan shi a masallaci jiya, shi ke nan, a rubuta tara. In kuwa ba wanda ya gan shi, nan take a naɗa mutum biyu su je ɗakinsa kafin isha'i, ko da a Be ne, ko a Tokwen. Ta haka aka gano wani ɗan'uwanmu tela yana kwance da zazzaɓi kwana da kwanaki, kunya ta hana shi aiko da saƙo don ba shi da na zubi. Ta haka aka gano wanda aka tsare a kan takardun zama, ba wanda ya sani. Mutanenmu ba su iya roƙo ba, musamman magidanci. Zai gwammace ya rufe ƙofa ya ce yana hutawa. Amma in an zo masa da sunan bin bashin tara, ya buɗe ƙofar ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba, waɗanda aka aiko kuma su ga halin da tukunyarsa ke ciki.

Bayan zubi sai labarin unguwa: wa ya haihu, wa ke aurar da 'ya, wa ke kwance a asibiti. Ga suna da biki akwai gudummawar da aka yanke, kowa daidai, ba a ƙara wa mai kuɗi ba a rage wa talaka. Muna da bencina da tabarmi da manyan tukwane da rumfar tamfol, ɗan ƙungiya ya ɗauka kyauta, na waje ya biya haya. Wannan ɓangaren kowace ƙungiya tana da irinsa, ba sai na daɗe a kai ba.

Abin da ya bambanta mu shi ne akwatin baƙo. Daga zubin kowane mako ana ware wani abu da ba mai taɓawa, ko gidan Shugaba ne ya kama da wuta. Kuɗin gawar da ba ta da mai ita ne. Zongo a bakin hanya yake, manyan motocin Burkina da Nijar da Mali da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa a wajenmu suke jira kafin su kama hanyar arewa, kuma ba kowane yaron mota ke komawa gida ba. Na tuna wani saurayi, ɗan wajen Maraɗi, da ciwon ciki ya kayar a gindin mota cikin dare. Direbansa ya riga ya wuce da wata motar, ba wanda ya san sunan ubansa. Da asuba aka ƙwanƙwasa wa Ma'aji ƙofa. Kafin hantsi an yanko farin yadi, tsofaffin da suka san wanka sun yi nasu, samari shida sun tafi maƙabarta da diga da shebur. Aka kai wa Sarkin Zongo labari, aka samo takardar hukuma, aka ɗauko makara daga masallaci. Da aka tsaya salla sai da aka yi sahu uku, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa yin magana da mamacin.

Aikin bai ƙare a kabari ba. Ma'aji ya sa aka ƙirga abin da ke cikin jakarsa a gaban shaidu: riga biyu, tocila, carbi, da 'yan kuɗi a ƙulle a cikin safa. Ya rubuta wasiƙa da ajami, ya bayyana ranar rasuwa da inda aka binne shi da wanda ya yi masa salla, don ya ce abin da uwa za ta fara tambaya ke nan. Aka ba wani direba amana. Kayan suka bi Sokode da Kara da Dapawong, suka ƙetare a Sinkase, suka ratsa Fada Ngurma zuwa Yamai, daga nan aka miƙa wa wata motar mai zuwa Maraɗi, ana cigiya tasha tasha. Bayan watanni sai ga wani dattijo ya sauka a Zongo yana tambayar wurin zamanmu. Kawun yaron ne. Ya zauna a bakin tabarma har aka gama kiran suna, sannan ya nemi izini ya ce, “Ranku ya daɗe, ba ni da abin biyanku. Uwarsa ta ce in zo in ga kabarin da idona, in kuma ga fuskokinku.” Ya ajiye ƙullin busasshiyar kuɓewa da daddawa. Aka raba wa gidaje, kowa ɗan kaɗan. Wannan shi ne aikin da maigida ɗaya ke yi shi kaɗai a tsohon Zongo, mu kuma muka tallafe shi da dala ashirin ashirin.

Akwai kuma gayya. Sabon Zongo kusa da kogin Zio yake, ƙasar kuma kwari ce, damina na kankama ruwa ya kwanta a layuka. Kafin ruwan Yuni mu fito da shebur mu yashe magudanai, kafin azumi mu share maƙabarta mu datse ciyawa. A ambaliyar 2008, wadda ta karya gadoji a kan hanyar arewa har motoci suka yi jerin gwano na kwanaki, rumfarmu da tukwanenmu ne suka zama masaukin iyalan da ruwa ya kora, da direbobin da guzurinsu ya ƙare.

Gaskiya guda da maza ba sa son a faɗa: kuɗi na wajen mata. Su ma suna da nasu zaman a gidan Magajiya, da adashinsu da ba ya fashi, na masu koko da ƙosai, da masu wake da shinkafa, da masu kasa atamfa. Mu mu yi yamma guda muna muhawara a kan launin fentin benci, su kuwa cikin rabin sa'a sun tara, sun raba, sun koma bakin murhu. Duk lokacin da akwatinmu ya gaza, sai a tashi mutum biyu masu ladabi su je su durƙusa su ce, “Inna, mun zo ne da 'yar magana.” Ita kuma ta bar mu mu gama kewaye-kewayenmu, sannan ta ce, “Nawa ne?” Ba ta taɓa hana mu ba, ba ta kuma taɓa mance ranar biya ba.

Shekaru muka yi muna jayayya a kan inda za a ajiye kuɗi. Mu 'yan boko muna cewa banki, dattawa suna cewa akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Ma'aji. Yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamban 1992, wanda ya ɗauki watanni, shi ya fara raba gardamar. Ofisoshi a rufe, tashar jiragen ruwa ta yi sanyi, mai kuɗi a banki yana kallonsu daga nesa. Bayan harbe-harben Janairun 1993 jama'a suka yi ta tserewa Ghana da Benin, gari ya zama kamar an share. A wannan lokacin ne babur ɗin haya, zemijan, ya cika titunan Lome. Zamanmu ya ragu ya koma cikin zaure, amma bai tsaya ba, kuma daga akwatin nan aka sayi buhunan masara aka raba da kwano. Dattawa suka yi ta mana dariya. Ba a jima ba kuma, ranar 12 ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Kuɗin da muka tara don sayen injin wuta suna nan cif a akwati, ko dala ba ta ɓace ba, amma injin ya yi mana nisa. A nan Ma'aji ya yi shiru, mu ma muka yi shiru, don banki ma da bai cece mu ba.

A cikin gari akwai ƙungiyoyin manya, Rotary da Lions, na likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, masu zama a otal da kwat da lakataye. Mun daɗe muna ganin ba abin da ya haɗa mu da su. Daga baya na ji cewa ita ma Rotary, da aka kafa ta a Chicago a 1905, da mutum huɗu ta fara, suna zagaya ofisoshin juna, kuma ita ma ta kasance tana matsa wa 'ya'yanta a kan halartar zaman mako. Inda hanyarmu ta gamu da tasu shi ne rigakafin shan inna, aikin da suka sa kuɗinsu a ciki tun 1985. Masu ɗiga maganin ba su san layukanmu ba, gidan kulle kuma ba ya buɗuwa ga wanda ba a sani ba, sai aka nemi samarinmu su yi rakiya.

A 2003 abin ya zo da zafi. Kano ta dakatar da rigakafin bisa zargin an gurɓata maganin, kuma abin da aka faɗa a Kano ba ya kwana bai iso Zongo ba, ta bakin direbobi, ta kaset, ta rediyo. Ban taɓa ganin zamanmu ya rabu biyu kamar ranar ba. Wani ya miƙe ya ce malaman gida sun fi mu sani. Wani ya ce tun yaushe Bature ya fara bin mu gida gida da kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Tambayar tana da nauyi, kuma har yau ban ji wanda ya amsa ta yadda ya kamata ba. Wanda ya juya zaman shi ne wani ɗan'uwanmu mai gyaran rediyo, wanda shan inna ta shanye wa ƙafa tun yana jariri, mutum marar yawan magana. Ya nemi izini, ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ni ban yi karatu ba. Amma 'ya'yana uku, gobe da safe ni da kaina zan buɗe musu baki.” Ya zauna. Ba a yi ƙuri'a ba, ba kuma kowa ne ya gamsu ba, wasu gidajen sun rufe ƙofa har Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004. Amma washegari samarinmu sun fita rakiya, kuma a wannan shekarar ta 2003 cutar ta sake ɓulla a ƙasashe maƙwabta da dama, har da Togo.

Yanzu zaman ya koma sau ɗaya a wata. Zongo ya cika ya tumbatsa, haya ta yi tsada, 'ya'yanmu sun tura gaba zuwa Adetikope da hanyar Tsebiye, inda fili ke da sauƙi. Zubi ta waya yake zuwa, sanarwar rasuwa kuma ta WhatsApp, kafin a gama wanka hoton mamaci ya kai Jamus. Ba zan ce wannan sharri ba ne, don kuɗin da ake tarawa cikin dare ɗaya yanzu, da sai mu yi wata uku ba mu haɗa shi ba. Sai dai wanda ya turo kuɗinsa ana ɗaukarsa ya halarta, ba mai tambayar wa ya gan shi a makon nan, kuma mai kwance a ɗaki ma yana iya danna waya.

Maganar da ke gabanmu a yanzu ta 'yan waje ce. Yaranmu da ke Bronx da Hamburg su ne ke aiko da kaso mafi tsoka, sun kuma ce tunda haka ne a ba su ƙuri'a, a riƙa ɗora waya a kan tebur suna sa baki daga can. Matasa sun goyi baya. Dattawan da suka rage sun ce wanda ba zai ɗauki makara ba, ba zai yanke hukunci a kan akwatin baƙo ba. Ni ina tare da dattawa a zuciya, amma ni ne ke karɓar saƙon kuɗin, na kuma san ko yadin likkafani nawa yake a kasuwa yau. A zaman da ya wuce an kai har magariba ana kai ruwa rana, an ci mutum huɗu tarar katse magana, sannan Shugaba ya ɗage batun zuwa bayan Babbar Salla, lokacin da biyu daga cikin 'yan wajen suka ce za su zo gida su faɗi ta bakinsu.